Littafin da Babu Shi a Kasuwa

Shekarar da soja suka yi alƙawarin komawa bariki, kowa a Kano da abin da yake jira. Wasu ranar zaɓe suke jira, wasu suna jiran su ga ko alƙawarin zai cika. Turai, 'yar Malam Isyaku mai gyaran rediyo ta unguwar Madabo, ita kashi na uku na wani littafi take jira.

Sunan littafin Ɗakin Kwana Na Huɗu, wata marubuciya Ikram Baffa ce ta rubuta shi. Labarin 'yan mata shida ne a makarantar kwana, aka ɗora musu laifin ƙona ɗakin ajiyar abinci, aka ba su mako biyu su fito da mai laifin ko a kore su gaba ɗaya. Kashi na biyu ya tsaya daidai inda ƙaramarsu ta leƙa ta tagar ofishin makaranta ta ga wani abu. Abin da ta gani kuwa, sai a kashi na uku. A bangon baya an rubuta cewa zai fito bayan ƙaramar Sallah, tare da wasu sababbin littattafan matasa guda biyar da aka jera sunayensu. Turai ta haddace jerin nan kamar za a yi mata jarrabawa a kansa.

Shekarunta ashirin da ɗaya a lokacin. Tana koyar da 'yan aji uku a wata firamare kusa da Ƙofar Ruwa. In an tashi ba ta tsayawa a gida, sai ta zarce Ƙofar Wambai ta kai wa babanta abincin rana a shagonsa, daga nan ta tsallaka titi wajen Malam Gambo mai sayar da littattafai da bayar da haya.

"Malam Gambo, ya fito?"

"Malama Turai, ko sallama babu?"

"Salamu alaikum. Ya fito?"

"Wa alaikumus salam. Bai fito ba." Malam Gambo dogo ne siriri, kullum da biro a saƙale a kunne. "Ki je maɗaba'a ki gani da idonki. Daga ɗan takarar kansila har na shugaban ƙasa, kowa so yake a buga fuskarsa a manna a bango. Inji ba ya hutawa, amma ba littafi yake bugawa ba. Takardar ma sun kwashe ta. Sai an gama da fastoci za a waiwaye mu."

Sallah ta wuce, zaɓe ya wuce, fastocin murna suka maye gurbin na neman ƙuri'a. Littafi shiru.

Da ita kaɗai ce mai jira da abin ya zo da sauƙi. A gidansu akwai Goggo Kande, yayar babanta, wadda ta dawo da zama wajensu bayan rasuwar mijinta. Ɗinkin hula take yi, kuma kullum bayan La'asar matan maƙwabta biyar ko shida sukan taru a rumfar tsakar gida da allurai da zarensu. Yawancinsu ba su yi boko ba, saboda haka Turai ce take karanta musu littafi suna ɗinki. Har Nana Hauwa, ƙawar Turai ta gidan da ke kallon nasu, wadda ta iya karatu sarai, takan zo ta zauna, wai ita ta fi jin daɗinsa a bakin Turai.

Sun maimaita kashi na ɗaya da na biyu har sau biyu. Ran da Turai ta ɗauko su karo na uku, Goggo Kande ta ajiye hular da ke hannunta.

"Ke, mayar da su. Wata uku ke nan yarinyar nan tana tsaye a bakin taga tana leƙe. Ƙafarta ba ta gaji ba? Ni tawa ta gaji. In babu sabo a bar mu mu yi gulmarmu."

Akwai abin da babu wanda ya sani a gidan nan. Fiye da shekara guda Turai tana nata rubutun. Bayan sallar Asuba takan zauna a bakin gado ta yi shafi biyu kafin ta hura wuta, a makaranta kuma in yara sun fita tara ta ƙara ɗaya. Ta cika littafin rubutu uku, suna ƙasan akwatinta a ƙarƙashin atamfofi. Labarin wata yarinya ne, Uwani, 'yar mai gyaran rediyo. Idon uban ya mutu a hankali, suka ɓoye wa mutane don kada masu kawo gyara su gudu. Shi yana zaune a gaban shago yana karɓar aiki, ita tana bayan labule tana gyarawa.

Sau nawa tana ɗauko littattafan nan ta karanta ta ji kamar ta jefa su a murhu. In ta gwada su da na Ikram Baffa sai ta ga nata kamar aikin gida na 'yan ajinta. Amma washegarin maganar Goggo, ta samu tsohuwar jarida ta naɗe bangon na farko, yadda Malam Gambo yake naɗe littattafan haya don kada su yage. Da La'asar ta fito da shi ta zauna can jikin ginshiƙi, inda babu mai iya leƙa mata.

"An samo sabo?" in ji Nana Hauwa.

"An samo."

"Wannan ai ya fi sauran faɗi," in ji Goggo.

"Haka ake yayi yanzu."

Ta fara karantawa. Layi goma na farko ba ta san abin da take faɗa ba. Sai da ta kai inda uban Uwani ya miƙa hannu zai ɗauki sukudireba ya damƙi ƙarfen dalma mai zafi, ya yi shiru bai yi ƙara ba saboda mai rediyon yana tsaye a kansa, sannan ta ji wata daga cikin matan ta ce, "Wayyo, bawan Allah!" Ta ɗaga ido. Babu allurar da ke motsi.

Ta kai ƙarshen babin ta rufe.

"Ci gaba mana," in ji Goggo.

"Magariba ta kusa."

"Wa ya rubuta wannan?"

"Wata ce. Sabuwa ce, ba a san ta ba."

"To ko wace ce ta san shago. Har warin dalmar na ji."

Turai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta rasa abin da za ta yi da hannayenta. Dariya take so ta yi, kuka ma yana neman zuwa. A ƙarshe sai ta ɗauki buta ta fita alwala.

Littattafan nan uku kwana tara suka yi mata. Daga rana ta goma aka shiga wani hali, don abin da ta rubuta da safe shi za ta karanta da yamma. Tuwon tara ta daina ci a makaranta. Tana tafiya a hanya tana magana ita kaɗai, tana gwada yadda Uwani za ta amsa wa wane, har wata rana mai Vespa ya kusa kwashe ta a bakin kasuwa. Amma a kwanakin nan ta koyi abin da shekara guda a bakin gado ba ta koya mata ba. In ta tsaya siffanta gari da yawa sai ta ga allurai sun ci gaba da aiki, wata ta fara tambayar wata kuɗin zare. In mutanen labarin suka fara magana sai wuri ya yi tsit. Duk inda aka yi hamma takan sa ɗan ɗigo a gefen shafi, da safe ta soke wurin.

Matan kuwa ba su bar labarin a tsakar gida ba. Sun kai shi gidajen suna, sun kai shi wajen kitso. Masu sauraro suka tashi daga shida zuwa sha biyar, har sai da aka aro tabarma. Da yake Turai ba ta faɗi sunan littafin ba, su da kansu suka raɗa masa Uwani Mai Rediyo.

Wata Laraba ta shiga shagon Malam Gambo, ko tambayarta ta kullum ba ta yi ba ya tare ta.

"Yawwa, Malama Turai, ke nake nema. Ke da ba a buga littafi a garin nan ki rasa labari, kin san wani wai shi Uwani Mai Rediyo?"

Ta kawar da kai. "Uwani me?"

"Mai Rediyo. 'Yan mata sun hana ni sakat. Jiya bakwai, yau kafin Azahar huɗu. Na je Sabon Gari na zagaya duk masu sari, babu wanda ya taɓa ganinsa. Wani da ke zuwa daga Gusau sari ma ya ce in ajiye masa, wai ƙanwar matarsa ta ba shi labari. Shekara goma sha biyu ina sana'ar nan, ba a taɓa neman littafi a wajena ban san ko launin bangonsa ba."

"Allah ya sa a samu," in ji Turai, ta fita da sauri ta manta kwanon babanta a kan teburinsa.

Asirin bai ƙara kwana uku ba. A labarin akwai wani Mikail, mai shagon gyara a ƙarshen layi, wanda ya fara zargin abin da ake ɓoyewa. Ran Juma'a Turai ta karanta inda Mikail ya lalata wata rediyo da gangan, ya tara mutane, ya kawo ta gaban uban Uwani ya ce ya gyara a nan a gaban kowa, ba a bayan labule ba. Nan rubutun safe ya ƙare, nan ta tsaya.

"Sai gobe," ta ce.

"Wallahi ba ki isa ba!" Nana Hauwa ta yi tsalle ta fizge littafin. Ta juya shafi, ta sake juyawa. Ta tsaya. "Babu komai. Farar takarda ce." Ta koma baya tana dubawa, bakinta a buɗe. "Goggo, wannan ba bugun inji ba ne. Rubutun biro ne. Rubutun Turai ne! Ga irin harafin g ɗinta mai doguwar jela, tun muna aji ɗaya haka take yi."

Matan suka juyo gaba ɗaya. Turai ta sunkuyar da kai tana kallon tabarma, tana jiran a ce ta yi musu ƙarya, ta raina musu hankali kusan wata guda.

Goggo Kande ta cire tabaranta a hankali.

"Turai."

"Na'am, Goggo."

"Ke kika makantar da bawan Allah nan?"

"Ni ce."

"Da hannunki? Muna zaune muna zubar da hawaye, ashe mai laifin tana jikin ginshiƙi?"

Wata ta fara ƙunshe dariya, sai ta ɓarke wa kowa. Goggo ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin wadda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta, har mahaifiyar Turai ta fito daga madafa da muciya a hannu tana tambayar wa ya haihu. Da aka natsu Goggo ta nuna Turai da allura.

"Saurara. Gobe in kika bari Mikail ɗin nan ya kunyata su, kada ki ƙara gaishe ni."

Matsalar ita ce Turai ba ta san yadda za ta fitar da su ba. Ta kai su wajen da ita kanta ba ta ga ƙofa ba.

Da safe, Asabar ce babu makaranta, babanta ya ce ta biyo shi shago, ta taho da littattafan duka. Suka kama hanya. Turai tana biye tana tunanin tabaransa, wanda ya ƙara kauri sau biyu cikin shekara uku. Daga nan ta samo labarin, kuma ta san shi ma zai gane.

Shagon a cike yake har bakin ƙofa. Ranar rantsar da sabuwar gwamnati ta matso, duk wanda yake da matacciyar rediyo a ƙarƙashin gado ya ɗauko ta, kowa so yake ya ji da kunnensa. Malam Isyaku ya zauna a bencinsa ya buɗe bayan wata, ya ce, "Karanta. Daga farko."

Ta yi ta karantawa yana aiki. Bai ɗago ba sai da ta shiga littafi na biyu.

"Tsaya. A shafin baya kin ce an ɗauke wuta tun safe."

"E, Baba."

"Yanzu kuma kin ce ta jona ƙarfen dalma a bango. Da wace wutar? A garwashi ake ɗora shi. Sau nawa kika hura min da kanki?"

Ta gyara. Can gaba ya sake tsayar da ita a kan eriya, ya sake tsayar da ita a kan batir. Da ta kai wajen Mikail ta tsaya, babanta ya ajiye sukudireba ya juyo gaba ɗaya.

"Yanzu ya za su yi?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba za ki sani ba, tunda kin ɗauki mutum kin ajiye a gaban shago kamar buhun gero. Ido ya rasa, ba kunne ba." Ya miƙa hannu ya jawo wata rediyo daga cikin tarin. "Kunna. Ni zan rufe ido."

Ta kunna. Rediyon ta yi wani gurnani, murya tana zuwa tana ɗaukewa. Ya karkata kai, idonsa a rufe.

"Murɗa tasha. A hankali. Tsaya. Ɗan bubbuga gefen dama." Ta bubbuga, muryar ta dawo ta sake tafiya. "Waya ce ta saki a jikin sifika. Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Ga wayar nan tana reto, da ƙyar take taɓa wurinta.

"Shekara talatin ina jin kukansu," in ji Malam Isyaku. "Kowace cuta da irin kukanta. Ki bar uban ya faɗi ciwon a gaban jama'a, sannan ya ce shi ya wuce riƙe ƙarfe a kan ƙaramin aiki irin wannan, 'yarsa ma ta isa. Ya kira ta ta fito. Shi bai yi ƙarya ba, ita kuma ta daina ɓuya."

Turai ta zauna tana kallonsa.

"Baba, ba ka ji haushi ba? Da na sa idonsa ya mutu?"

"Nawa da sauransa. In ma ya tafi, ai na ga kin tanadar min yadda zan yi." Ya mayar da tabaransa. "Rubuta. Ga benci nan."

A kan bencin nan, tsakanin matattun rediyoyi, ta rubuta babin cikin awa biyu. Da yamma da ta karanta inda Uwani ta ɗaga labule ta fito da ƙarfen dalma a hannu, matan suka yi ta tafi kamar a gidan biki. Goggo ta ce to, yanzu an ci gaba da gaisawa.

Ran Litinin Malam Isyaku ya sa babbar riga, ya tsallaka titi da 'yarsa a baya, ya dire littattafan rubutu biyar a kan teburin Malam Gambo.

"An ce kana neman wani littafi."

Malam Gambo ya buɗe na farko ya karanta layi uku. Ya dubi Turai, ya dubi takarda, ya sake dubanta. Ya zare biron kunnensa ya ajiye.

"Malama Turai. Ina tsaye a nan ina gaya miki na zagaye Sabon Gari a ƙasa cikin ranar nan, kika ce min Allah ya sa a samu?"

"Ai ga shi an samu, Malam."

Kwana biyu ya riƙe su. Da ta dawo ya ce shi zai ɗauki nauyin bugawa, amma da sharaɗi: tsakiyar ta yi tsawo, a rage, sannan a raba shi kashi uku, a riƙa sakin ɗaya bayan wata biyu.

"Ragewa zan rage," in ji Turai. "Amma ba zan raba uku ba."

"Haka kasuwa take. Jiran shi ke sa a dawo."

"Na san jiran, Malam Gambo. A gabanka na yi shi. Ba zan sa wata ta yi ta sintiri a kan nawa ba."

Suka yi ta ja har aka kira Azahar. Shi yana cewa ba ta san kasuwa ba, ita tana cewa ai kasuwar ce ta zo nemansa tun ba a buga ba. A ƙarshe suka tsaya a kan kashi biyu, kuma su fito rana ɗaya. Malam Gambo ya ce bai taɓa ganin sabuwar marubuciya mai taurin kai irin wannan ba, ya ce ta gaishe da Malam.

Ana cikin haka, tsakiyar watan Mayu, maɗaba'u suka sarara, littattafan da aka yi ta jira suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Kashi na uku na Ɗakin Kwana Na Huɗu shi ne na farko. Turai ta karɓe shi da hannu biyu, ko gida ba ta kai ba, a bayan shagon babanta ta zauna ta cinye shi. Ashe abin da yarinyar ta gani ta taga buhunan shinkafar da aka ce sun ƙone ne, a jere, mai kula da ɗakin ajiyar yana ƙirga su. Kuma tun a kashi na ɗaya marubuciyar ta nuna shi sau uku, babu wanda ya lura.

Daɗin littafin ya kai inda Turai ta zata, har ya wuce. Shi ya sa da ta rufe shi jikinta ya yi sanyi. Ta zauna tana tunanin wa zai kalli nata alhali ga wannan a kan tebur ɗaya. Yinin ranar ba ta taɓa biro ba. Washegari da Asuba ta sake buɗe littafin Ikram, wannan karon ba don ta ji labari ba, don ta ga yadda aka ɗinka shi. Ta ga yadda babi yake ƙarewa ba tare da dogon bayani ba. Ta ɗauko nata babin ƙarshe, wanda ta cika da wa'azi shafi huɗu, ta yage, ta sake rubuta shi a shafi ɗaya da rabi.

Kwana huɗu ta yi tana karanta wa matan kashi na ukun. Sun ji daɗi ƙwarai, sun tsine wa mai kula da ɗakin ajiya yadda ya kamata. Da aka gama Goggo ta ce, "Madalla, yarinya ta sauka daga taga. To, ina aka kwana a maganar namu?"

Ranar da aka rantsar da gwamnatin farar hula, Turai tana maɗaba'a a wani lungu, ita da Nana Hauwa, suna duba shafukan da aka buga na gwaji. A kan inji an ɗora rediyo, ma'aikata sun kewaye ta, hannuwansu duk tawada. Da aka gama rantsuwar wani dattijo a cikinsu ya ce rabonsa da jin irin wannan tun yana saurayi, Allah ya sa su riƙe amana. Kowa ya ce amin. Turai ma ta ce amin, idonta a kan shafi na arba'in da ɗaya, inda mai buga rubutu ya mayar mata da dalma ta zama salma har wuri shida.

Bayan mako uku littafin ya fito, washegarin wani ruwa mai ƙarfi da ya wanke gari. Malam Gambo ya ce ta zo ƙarfe goma. Tun daga nesa ta hango taro a bakin shagon, ta zaci ko hatsari aka yi. Da ta matso sai ta ga 'yan mata ne, wasu da kayan Islamiyya, wasu da kwandon cefane, har da samari uku suna tsaye gefe suna yi kamar ba layin suke bi ba. An yanka igiyar ɗaurin farko, littattafan suna zube a kan tebur, bangonsu shuɗi, da zanen yarinya riƙe da ƙarfen dalma. Mai zanen ya yi ƙarfen kamar muciya, amma Turai ba ta damu ba. A ƙasa an rubuta Turai Isyaku Madabo.

Ta ɗauki ɗaya. Yana warin tawada, gefen shafukan bai gama rabuwa ba. Ta tsaya riƙe da shi a cikin turmutsutsun, babu wanda ya san ta, wata ma ta ture ta da kafaɗa ta ce Malama a bi layi.

"Ku bar ta," Malam Gambo ya ɗaga murya daga ciki, gumi na zuba masa. "Ita ta jawo min wannan bala'in. Ita ce mai littafin."

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Wadda ta ture ta ta rufe baki da mayafi. Sai tambayoyi suka taso ta ko'ina: da gaske ne akwai Uwani, a ina shagonsu yake, me ya sa ba a ɗaure Mikail ba. Wata ta miƙo nata ta ce a sa mata hannu, Turai ta laluba jaka babu biro, sai da Malam Gambo ya zare na kunnensa ya miƙo mata. Kafin La'asar ɗauri uku sun ƙare, mutumin Gusau ya kwashi na huɗu, Malam Gambo ya aika maɗaba'a a ce kada su sauke farantan bugun.

Da taron ya lafa ta tsallaka titi da kofi biyu a hannu. Ta tarar da babanta a tsaye a ƙofar shago, 'yan mata huɗu sun kewaye shi, ɗaya tana rungume da wata tsohuwar rediyo.

"Yawwa, ga ta nan," in ji shi. "Zo ki raba ni da mutanenki. Tun ɗazu nake gaya musu ni ne mai gyaran, sun ce su Uwani suke so ta duba musu. Wannan kuma," ya nuna mafi tsawonsu, "cewa ta yi in koya mata."

"To me ka ce, Baba?"

"Na ce ta je ta tambayo izini a gida, ta zo ran Asabar." Ya karɓi littafin ya ɗaga shi daf da tabaransa, ya daɗe yana kallon bangon. "Wannan ƙarfen wa ya zana shi? Da wannan ai sai dai a tuƙa tuwo."

Ya shiga ciki, ya ture wasu rediyoyi gefe a kan kanta, ya jingina littafin yana kallon titi. Sannan ya ce wa mai rungume da rediyon ta kawo, ta kunna a ji kukanta.